Hannun Garmahon Sannu-Sannu

Mai gyaran agogo na bakin layinmu, shi ya fara ba ni labarin kakanki na wajen uwa. Rubuta haka, kar ki gyara min magana. Lokacin ina kafinta, ban san wata rana zan haɗa jika da mutumin ba, balle jikar ta zauna da biro a hannu tana yi min dariya.

Ya ce, "Akwai wani mai sa faifai a gidan rawa na bayan tasha, yana neman kafinta. Amma ka tafi da haƙurinka, Sannu-Sannu ake ce masa."

Na je na tarar da shi durƙushe gaban garmaho. Damuwarsa daɓen ɗakin, na katako ne. Masu rawa na buga ƙafa sai tebur ya girgiza, allura ta yi tsalle, waƙa ta koma baya, mutane su sa ihu. Ya ce in kafa masa kanta a jikin bango, kar ta taɓa ƙasa. Na kafa. Sai ya ɗora faranti da ruwa a kai, ya kwantar da kunci yana leƙe.

"Kafinta, ta karkace."

"Idonka ne ya karkace."

"To, ruwan ma idonsa ne?"

Na cire na sake. Daga ranar muka ƙulla.

Kin ga hannun nan da ke ɗauke da allura? A bayansa akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ake murzawa. Sai ya yi ta murza shi har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai faɗi ba, bai tashi ba. Ya hura masa iska, ya ga ya yi lilo ya dawo. Sannan ya ƙara murzawa ɗan kaɗan, yadda allurar za ta zauna a faifai ba ta danne shi ba. Sauran masu sa faifai ba ruwansu da wannan wahala, kwabo suke mannawa a kan allura, an gama. Shi kuwa ko kwabo ya gani kusa da garmahonsa sai ya ɓata rai.

Sai da muka daɗe na san dalili. Matarsa, kakarki ke nan, ta taɓa yi wa wani mawaƙi amshi, aka ɗauka a faifai. Waƙa ɗaya tak. Ta rasu uwarki tana goye. A farkon waƙar akwai inda ta ɗaga murya ita kaɗai kafin kiɗa ya shigo. To wajen wata ƙaura da suka yi, rana ta daki faifan, bakinsa ya lanƙwashe, daidai wurin. In ya sa, allura ta hau tudun nan sai ta tsallake, ta faɗa tsakiyar kiɗa inda muryoyi suka cakuɗe. Ya nemi irinsa har ya gaji, babu.

Na ce, "Kai, ɗora kwabon nan sau ɗaya yarinya ta ji uwarta."

Ya ce, "Za ta ji, allurar na tafe tana nome muryar. In ta so ji gobe fa? In ta haihu fa, ɗanta ya ji me?"

Ke ce ɗan, ga ki nan kin zo mace.

Uwarki ta tashi da jin "saura kaɗan". Ran da ba shi da aiki, da hantsi, sai ya zaunar da ita kan tabarma, ya goge faifan, ya murza, ya hura, ya sauke allura. Mu kasa kunne. Ƙar, ta tsallake.

"Baba, ɗora kwabon, ko sau ɗayan ne."

"Saura kaɗan, uwata."

Har ya zama abin tsokana. Ɗana da ya aure ta, in an tambaye shi ko abinci ya nuna, sai ya ce saura kaɗan, ita kuma ta jefe shi da mafici. Gidan rawa ya koma shagon taya, faifai ya daina tashe, shi dai yana nan yana murzawa.

Can da tsufa ya gano ba nauyin ne kaɗai ba. Gindin hannun, inda yake juyawa, ya cije, ba ya bin tudun da sauƙi. Ya kwance hannun ya naɗe a hankici, ya kai wa mai agogo, tunda shi ke da kayan taɓa ƙananan abubuwa. Ran da aka ce ya zo ya karɓa, ya biyo ta shagona da rigarsa mai kyau. Ya riga ya aika wa uwarki ta zo da la'asar, lokacin tana da cikinki.

Ya ce, "Kafinta, yau dai."

Na ce, "Na sha jin yau."

Ya yi dariya, ya ce bari ya ɗan huta, numfashinsa na yi masa nauyi. Ya zauna kan bencina, na shiga ɗebo masa ruwa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki na ce wa uwarki in je in karɓo hannun. Ta ce a'a. Wa zai murza? In aka sa ba daidai ba, allura ta goge muryar, shi ke nan ta rasa su duka biyun. Faifan na cikin akwatinta, garmahon na kan kabad ɗina, kin sha ganinsa ba hannu. Mai agogo ma ya bi shi, ɗansa ke shagon yanzu, waya yake gyarawa. Duk sanda na wuce sai ya ja aljihun tebur ya nuna min hankicin, ya ce, "Baba, ajiyarku na nan, an gama gyara, mai ita ake jira."