Kukan Wayar Inna Batulu

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Birnin Kudu ya san Inna Batulu mai awara. In bai san sunanta ba, ya san yajinta. 'Yar Zandam ce, aure ya kawo ta gari, mijin ya rasu ya bar ta da kasko da kaifin baki. Boko kam ba ta taɓa leƙa shi ba, ita da rubutu sai dai gaisuwa daga nesa.

Shekarar da aka canja takardun kuɗi, sabbi da tsofaffi duk suka ɓace, kowa ya koma taransifa ta waya, Munawwara mai shagon cirar kuɗi ta buɗe mata asusu. Inna ta kafa dokarta: ka ci, ka tura, ka tsaya nan har 'yar wayarta ta yi kukan shigowar kuɗi. In ka nuna mata hoton rasit a taka wayar, sai ta ce ita ma tana da hoton Makka a ɗaki, kuma ba ta je ba.

Wani malamin lissafi da ke sayen awara kullum ya taɓa ce mata, "Inna, don abu ya yi daidai sau ɗari ba shi ne hujjar gobe ma zai yi ba."

"Malam, ci awararka tana hucewa," in ji ta.

Ashe 'yan acaɓan tasha sun gano kowane saƙo kukansa ɗaya ne. Sai su ci su ƙoshi, su rubuta mata gaisuwa, waya ta yi ƙara, Inna ta sa musu albarka.

Ranar da za ta saro waken suya ta je wurin Munawwara ta ce a ciro mata kuɗin buhu. Munawwara ta duba, ta sake dubawa.

"Inna, abin da ke ciki ko kwano uku ba zai saya ba."

"To kukan da take yi min dare da rana fa?"

Munawwara ta karɓi wayar ta fara karantawa. Ina wuni Inna. Ya gajiya Inna. Wani ma don rashin kunya ya rubuta a ƙara yaji.

Inna ta zauna a kan benci. Jarin ke nan gaba ɗaya. In babu wake, gobe kasko ba zai hau wuta ba. Ba ta yi kuka ba, ɗankwali ta gyara. Ta ja Munawwara har inuwar da 'yan acaɓa ke hutawa.

Ikrima ne ke da bakin magana a wurin, wani dogo da ke wuni yana dannar waya wai yana haƙo kirifto, kuɗin intanet. Yana cikin bayani cewa a harkarsu ba a ƙarya, don duk ciniki dubban na'urori ne ke shaida, Inna ta katse shi.

"Madalla, ɗana. Ni ma yau shaidu nake so da yawa. Munawwara, kira min masu gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya, in amsa musu."

Lambar farko, aljihun Ikrima ya ɗauki kiɗa. Direbobi da fasinjoji suka matso.

"Wayar ƙanena ce, Inna."

"To ƙanen naka ya iya cin awara. Biya masa."

Kafin a kira ta uku, wasu sun fara laluben kashe waya, wanda kuwa hakan ma shaida ce. Shugaban 'yan acaɓa ya cire hula ya zagaya da ita, yana zagin kowa da sunan unguwarsu. Abin da aka tara bai kai buhu ba, rabi ya saya.

Ikrima aka ɗora wa ɗauko waken daga kasuwa kyauta. Da ya sauke, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai ko za a ba shi ta ɗanɗano gobe.

"Za a ba ka," in ji Inna, tana zuba waken a ruwa. "Kawo kuɗinka a hannu, sabbi ko tsofaffi."