Ranar da Muka Ba Auta Kwanon Baƙo

A gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda akwai wani babban faranti na tasa wanda ya girme ni. Gefensa ɗaya ya lotsa. A cikinsa muka ci abinci ni da ƙanena, autan gidanmu, tun muna ƙanana har gemu ya fara fito mini. Inna takan shimfiɗa sufra, wato ledar da ake cin abinci a kanta, a tsakar ɗaki, ta ɗora farantin, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana kallonmu. Ba ta ci tare da mu. Aikinta shi ne ta miƙo hannu ta tura nama daga gabana zuwa gaban auta. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Kai ai ka riga shi fara ci."

Ban yi nisa a makaranta ba. Mahaifinmu ya kwanta ciwo, ni kuma na shiga tashar jiragen ruwa, na fara da dako, daga baya na koyi tuƙa motar ɗaga kaya. Auta kuwa Allah ya ba shi kai. Wani kawunmu da ya zo aikin Hajji ya ga yadda yake lissafi, ya roƙi a ba shi yaron, ya tafi da shi Najeriya. Daga can karatu ya ja shi zuwa wata ƙasa mai sanyi, kuma a can ya zauna.

Labarin aikinsa ta waya muka riƙa jin sa, guntu-guntu. Da farko ya ce yana aiki a tashar da ke samar da wutar lantarki da makamashin nukiliya. Inna ta ce to madalla, mai wuta ne. Bayan shekaru ya ce an ba shi shugabancin wani sashe, sannan na tashar baki ɗaya. Daga baya ya ce ya bar samar da wuta, an ɗora shi a kan masu rufe tsofaffin tashoshi. Ya yi mana bayani a hankali. In tasha ta tsufa ba a kulle ƙofa a tafi. Sai an kwance ta ƙarfe-ƙarfe, an kwashe ƙasar da ta gurɓace, an tace ruwan da ke ƙarƙashi, an binne abin da ba ya tsabtatuwa a inda ba zai taɓa kowa ba. Shi ne mai cewa a fara nan, a dakata can, kuma shi ake kira idan mutanen garin da tashar take sun taru suna tambaya ko rijiyoyinsu lafiya.

Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Auta, wato duk wannan karatun, shara ka koma?"

Ya yi dariya har da tari. "Shara ce, Inna. Amma ni ne sarkin masu sharar."

"To Allah ya sa albarka. Da a nan kake da ka share mana lungunmu."

A tasharmu ta jiragen ruwa akwai wata ƙofa mai ginshiƙai biyu da manyan motoci ke bi ta tsakiya kafin su fita da kaya. An ce tana jin irin hasken nan na nukiliya da ido ba ya gani, wanda ke cutar da jiki. Ban taɓa jin ta yi ƙara ba. Amma duk lokacin da na wuce ta kusa da ita sai na tuna auta, in ce a raina yanzu haka yana can cikin sanyi da hular kwano a kansa, ko kuma yana zaune a kan dogon tebur mutane suna jiran bakinsa.

Sau da yawa ya sa ranar zuwa ya ɗaga. Ko jana'izar mahaifinmu bai samu ba. Sai wata shekara ya kira ya ce an gayyace shi taro a wata ƙasa kusa da mu, zai ratso ya yi mana 'yan kwanaki.

Inna ta tayar da gidan. Aka wanke labule, aka canja shimfiɗar ɗakin baƙi. Ta aike ni kasuwa na sayo sababbin kwanuka masu murfi, da kofin gilashi, da cokali. Na ce mata, "Inna, farantinmu fa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Mutumin da ake miƙe masa tsaye in ya shigo, shi za ka durƙusar a gaban lotsattsen faranti? Ka manta yadda ake karɓar babban baƙo?"

Ban manta ba. A wajenmu babban baƙo ba a cin abinci a kansa. Ana kai masa nasa kwano a ɗaki, a ajiye ruwa, a ja ƙofa, a bar shi ya ci yadda yake so ba mai kallon lomarsa. Haka mahaifinmu ya yi wa malamai da alhazan da suka sauka a gidanmu. Wannan shi ne iyakar girmamawar da muka sani.

Ya iso da furfura fiye da tawa. Hausarsa ta yi nauyi, Larabcin kuma sai ya tsaya ya nemo kalma. Da muka je masallacin unguwa sallar La'asar, wani tsohon maƙwabcinmu mai barkwanci ya ɓoye hannunsa a baya, ya ce, "A'a, Injiniya, daga nesa! Kada ka kunna mu." Mutane suka yi dariya, tsohon ya rungume shi. Auta ma ya yi murmushi, amma na ga murmushin bai daɗe ba.

Da muka koma gida na ɗauki kwanukan na kai masa ɗakin baƙi. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, abin da ya fi so tun yana yaro, Inna da kanta ta tuƙa duk da ciwon kafaɗa. Na jera su a gabansa, na ce bismilla, na juya.

"Yaya, kai fa?"

"Ci abinka, mu muna ciki."

Na ja masa ƙofa a hankali.

Da na dawo ɗaukar kwanukan, tuwon yana nan, gefe ɗaya kawai aka gutsura. Inna ta buɗe murfin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Bakinsa ya canja. Abincinmu ya yi masa nauyi." Washegari ta sa na je wani babban gidan abinci na sayo masa irin na Turawa, a cikin kwalin da ake yarwa in an gama, da cokalin roba. Shi ma bai ci na kirki ba. Haka kwanakin suka tafi. Yakan shigo ya gaishe da Inna, ya zauna nesa da ita a bakin shimfiɗa, hannayensa a kan gwiwa. 'Yata ƙarama ta je za ta hau cinyarsa, matata ta janye ta, ta ce kada ta ɓata wa Baffa kaya. In dare ya yi ina jin Inna tana juyi. Ni kuma na ɗauka girma ne ya shiga tsakaninmu, na ce haka Allah ya tsara, na haƙura.

Ranar tafiyarsa na ɗauke shi a mota bayan Azahar. Muka kama hanyar filin jirgi. Muna cikin cunkoso wajen unguwar Bani Malik sai ya ce, yana kallon gilashi, "Yaya, in ka koma ka gaya wa Inna ba na ɗauke da komai."

"Kamar me?"

"A jikina. Ba ya bin mutum gida. Muna da wani ɗan abu da muke maƙalawa a ƙirji, yana auna abin da ya taɓa mu. Kafin kowa ya fita sai ya tuɓe kayan aiki, ya wanke, ya tsaya a cikin na'ura ta duba shi. Ni ne ma nake sa hannu a kan wannan dokar. Ban taɓa fitowa da ko ƙwayar ƙura ba."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Ban ga laifinku ba. Na saba. Akwai ƙauyen da na je yi musu bayani, wata tsohuwa ta ba ni shayi, ina fita na ga ta jefa kofin a shara. Akwai waɗanda ba sa ba ni hannu. Aikina ke nan, in zauna da masu tsoro har tsoron ya ragu. Kawai dai ban zaci a gida ma sai an ware mini kwano ba."

Na taka birki har na bayana ya danna mini oda. Na gangara gefen titi na kashe motar.

"Auta, kwanon baƙo ne! Irin wanda Baba yake kai wa malamai. Ka manta?"

Ya juyo ya dube ni. Na ga yana nema a cikin kansa, can nesa, har ya samo. Ya rufe fuska da tafin hannu. Da farko na ɗauka dariya yake yi.

"Kwalin fa? Da cokalin roba?"

"Ta ce bakinka ya canja."

"Wallahi, Yaya, ƙamshin kukar nan har cikin raina. Na kasa haɗiyewa ne ni kaɗai a bayan ƙofa."

Na ce mu juya. Ya duba agogo, ni ma na duba hanya, duk mun san ba zai yiwu ba. Mutanen wani gari suna jiransa a kan maganar ruwansu, kuma shi ya sa musu ranar. A gefenmu akwai wani ɗan shagon ful da tamis, irin wake da burodin da muke karyawa da su muna yara. Na ce, "Yalla, sauko." Mai shagon ya kawo kwano biyu, na mayar masa da ɗaya. Muka tsaya a jikin kantar shagon, shi da kwat ɗinsa ni da rigar aiki, muna tsoma burodi a wuri guda. Ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ga abinci ba. Da ya rage loma ɗaya na tura masa gabansa.

Na kira Inna na ba shi wayar. Ban ji abin da ya ce mata ba, don na matsa. Amma muryarta ta fito har inda nake: "Tsoronka? Ni da na wanke maka kashi? Ka dawo nan, ja'iri, ka ci a farantin ubanka!"

Bai dawo ba ranar, jirgi ya tafi da shi.

Da na koma gida na tarar ta sauko da farantin, ta goge shi da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido. Sababbin kwanukan kuwa ta bayar da su ga maƙwabta. Ta jingine farantin a bayan kabad, ta ce ba mai ci a cikinsa sai auta ya zo.

Shekaru sun wuce tun daga nan. An ƙara masa girma, wuraren da ke ƙarƙashinsa sun ƙaru. Ya taɓa gaya mini cewa aikin da yake shugabanta ba zai ƙare a rayuwarsa ba, wani zai karɓa daga hannunsa, wani kuma ya karɓa daga hannun wancan. Ya ce akwai wani fili da yake so ya ga an buɗe wa mutane su yi shuka, in ya ga wannan zai ajiye ya taho. Saboda shi na shiga ajin manya da furfurata, wajen wani malami a unguwarmu, don in riƙa karanta saƙonsa da kaina ba sai na nemi mai karanta mini ba. Saƙon ba ya da tsawo. Yakan tambayi kafaɗar Inna, ya tambayi zafin Jidda, wani lokaci ya tambaya ko har yanzu ana samun kuka mai kyau a kasuwa.

Inna yanzu ba ta iya zama a ƙasa. Na sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu, na ajiye a bakin ƙofa, daidai inda take zama da. Na gwada, daga nan hannunta zai kai tsakiyar sufra in ta ɗan sunkuya. Ranar Juma'a takan ce in ciro farantin ta duba ko ya yi tsatsa. Ba ya yi. Sai ta shafa lotsattsen gefen da yatsa, ta ce in mayar.