Farin Yadin Metir Nuhu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Metir Nuhu ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a rumfata ta fawa nan kasuwar Sokodé, ko wuƙa ban wasa ba. Wani dattijo ne ya kira ni daga Zangon Dapaong, ya ce sunansa Alhaji Inusa, wai ni ne Awudu mahauci? Na ce ni ne. Sai ya faɗa mini.

Shekaranjiya Nuhu ya kwana a zauren Alhaji. Jiya bayan sallar asuba, ana yayyafi, gari bai gama wayewa ba, ya hau kekensa ya nufi Cinkassé. Bai yi nisa ba wata titan, babbar motar kayan nan, ta buge shi ta baya. An kai shi asibiti, bai kai asubar yau ba.

Direban ya rantse wa jandarma bai ga komai a gabansa ba, sai ƙara ya ji.

Wayar Nuhu ta ragargaje. Da ƙyar aka samo lambata ta hannun mahautan Dapaong, saboda Nuhu ya ba Alhaji kilishi ya ce na abokinsa Awudu ne na Sokodé.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Metir, lissafi yake koyarwa. Tare muka tashi a layi ɗaya a Zango. Shi ya bi boko, ni na gaji wuƙar babana. Duk babban hutu, sa'ad da abokan aikinsa ke miƙe ƙafa a gida, shi sai ya ɗaure kaya a keke ya shiga duniya. Inda yamma ta yi masa nan zai kwana, gindin bishiya ne ko barandar masallaci.

Mun sha ce masa mahaukaci. Ni na fi kowa faɗa.

Kafin kowace tafiya sai ya kwaso komatsansa ya zo rumfata, wai a ara masa sikeli. Sikelin da nake auna nama! Mata na tsaye suna jiran rabin kilo, Metir na auna cokali. Ya yanke wa cokalin nan mariƙi don ya rage nauyi, wallahi da idona na gani.

Kilo goma ya yanka wa kansa, ba ya ƙara ko giram ɗaya. In wani abu zai shiga jaka, to dole wani ya fita. Yakan ce, "Awudu, duk abin da ka ɗauka a Sokodé, a hawan dutsen Alejo za ka biya kuɗinsa."

Doka ta biyu kuma, kayan da ba ya aiki biyu ba ya hawa kekensa. Ya sayar da tantinsa ya koma ɗan tamfol da gidan sauro, tamfol ɗin shi ne rufi, shi ne abin sallah. Tukunyarsa ita ce kofin shayi. Igiyar kafa tamfol ita ce ta shanya. Gorar ruwa ita ce buta. Murhunsa gwangwanin tumatir ne da ya huhhuda da ƙusa. Abinci kuwa gari, ƙuli-ƙuli, dabino, sai kilishin da nake ɗaure masa.

Sau ɗaya na bi shi, nan Aouda kawai. Na ƙi jin magana, na ɗauki filo da bargo da tukunyar matata. Kafin mu isa harshena ya fito. Bai yi mini dariya ba sai da muka dawo gida, a hanya kuwa shiru ya kwance rabin kayana ya ɗora a nasa keken.

Haka yake. A kan kansa ne kawai yake da rowa.

Wata shekara a Langabou ya tarar da wata mai jego mota ta lalace musu, za su kwana bakin titi. Ya ba ta gidan sauronsa, ya dawo mana da zazzaɓi. Da babana ya kwanta a asibiti, 'yar katifarsa ta hurawa ya kawo mini na riƙa kwana a kai. 'Yata Hadiza kuwa, in ta iya lissafi yau, shi ne, kuma ko goro bai taɓa karɓa ba.

Abu ɗaya ne a jakar nan ya karya dokokinsa duka. Farin yadi, naɗe cikin leda, kullum a can ƙasa.

Likkafaninsa.

Kakansa bafatake ne, na hanyar goro, irin waɗanda suka kafa Zangon nan da jakuna. Su a al'adarsu matafiyi ba ya barin gida sai da likkafaninsa a cikin kaya, don in ajali ya same shi a garin mutane kada ya bar musu ɗawainiya. Yawancinmu mun manta da wannan. Mahaifiyar Nuhu, Mma Salamatu, ba ta manta ba. Ranar da ya fara wannan yawo ta hana ta hana, ya ƙi hanuwa, sai ta je kasuwa da kanta ta yanko yadin ta ce, "In ka ɗauki wannan, ka tafi da yawuna. In ba haka ba, ban yarda ba."

Na taɓa tsokanarsa na ce, shi wannan aiki nawa yake yi?

Ya ce, "Ɗaya. Amma ranar aikinsa ba na son a je roƙo saboda ni."

Ganinmu na ƙarshe, makon jiya ne. Ya zo awo kamar kullum. Akwai wata jar fitilar baya mai batir, irin mai ƙyaftawar nan, da na sa aka sayo masa daga Lomé, don na san halin titin nan da manyan motocinsa. Ina kallo ya ɗora ta a sikeli, ya dubi allura, ya ture ta gefe.

Na ce, "Ita kuma fa?"

Ya ce, "Kaya sun cika. Aiki ɗaya take yi, ni kuma ba na tafiyar dare."

Raina ya ɓaci. Na fizgo ledar yadin na maka a sikeli, allura ta nuna ya ninka fitilar nan nauyi ban san sau nawa ba. Na ce, "Haba Nuhu! Ka ɗauki kayan mutuwa ka bar na rai? Wane irin lissafi ne wannan, kai da kake koyar da 'ya'yan mutane? In dole ɗaya ya fita, cire yadin nan ka sa fitila. Akwai garin Musulmin da za a rasa likkafani?"

Ya yi dariyar nan tasa ya ce, "To Sarkin Fawa, na ji. Zan sake dubawa."

Ya kwashe su duka biyun ya tafi gida. Ya yi mini sallama, ina fushi, na ɗaga masa hannu kawai ina saran ƙashi.

Ban san wanne ya ɗauka ba.

Yau da na ajiye waya, na rufe rumfa na nufi gidansu, don ni ya kamata in faɗa. Na tarar da Mma Salamatu a tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta gan ni, lokacin kasuwa, da rigar aiki a jikina. Ban buɗe baki ba ta ajiye tiren a hankali.

Na faɗa mata. Matarsa ta fasa ƙara daga ɗaki, maƙwabta suka fara shigowa. Mma ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta dube ni ta ce, "Awudu, yadin yana tare da shi?"

Jama'a, nan take na tuna abin da na faɗa wa Nuhu ranar awo.

In ya ji maganata, to yadin nan yana gida, ya tafi ba da yawun uwarsa ba, kuma bakina ne. Tsohuwar nan ta rasa ɗa, abu ɗaya ya rage mata ta riƙe, shi ma ban sani ba ko na ƙwace mata shi.

Na kira Alhaji Inusa, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya ce jandarma sun ba shi jakar, amma bai taɓa ta ba, har ya tashi mutum kasuwa sayen yadi. Na ce Alhaji don Allah a dakata, a buɗe jakar, a duba can ƙasa.

Muna jin yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Tamfol. Tukunya, ta lotse. Igiya. Sauran kilishi. Sai muka ji ƙarar leda.

Ya ce, "Allahu akbar. Hajiya, ga shi nan fari ƙal, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Har da allura da zare da turare."

Mma ta ce, "Alhamdulillahi. Ku yi masa sutura da shi, ku binne shi nan wurinku. Ɗana bai ɗora wa kowa nauyi ba." Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

Kafin azahar mutanen Zangon Dapaong suka sallace shi suka kai shi makwancinsa. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya saka musu da alheri.

Da masu gaisuwa suka yi yawa, Mma ta ce in shiga ɗakinsa in ɗauko tabarma. Na tura ƙofa. A bayanta, rataye a ƙusa, ga fitilar.

Na danna ta. Ta kama, ja, tana ƙyaftawa, batir ɗinta lafiya lau. Na tsaya a ɗakin nan ina kallon hasken yana bugun bango, maganar direban nan tana dawo mini, wai bai ga komai a gabansa ba.

Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babana.

Na san ajali ne. Kada kowa ya zo ƙasan rubutun nan ya yi mini wa'azi, na sani, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ba zan ɓoye ba, ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, duka biyun sun cushe mini a ƙirji. Me fitilar nan ta auna, Nuhu? Ko tsokar da nake yi wa mata gyara ta fi ta nauyi.

Ku masu yawon keke da kuka koya a wurinsa, ku yanke cokulanku in kun ga dama, ku bar tanti, ku bar filo. Amma don girman Allah ku ɗauki fitila, ku kunna ta ko da asuba ne, ko yayyafi kawai ake yi. Wanda ya zo awo rumfata babu ita, ba zan ba shi sikeli ba.

Ya Allah, ga baƙonka nan ya zo da kayansa a shirye. Ka gafarta masa, ka sauƙaƙa masa hisabi, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Mma Salamatu da iyalinsa haƙurin da ba mu da shi.

Ya yi mini sallama ban amsa ba. Wa alaikas salam, Nuhu.

Duk wanda ya karanta ya kai nan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya roƙa masa rahama.