Famfon Mutum Biyu

Shekarun baya can, a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da ya ruɗa Kaduna, ni ma ina cikin waɗanda kansu ya ɗau zafi. Ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata, ban yi aure ba, ina zaune a gidanmu a Malali. Abokaina wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai cin kaset. Ni kuwa na ce famfo zan saya wa mahaifina ya riƙa wanke kwalekwalensa.

Na san wani zai ce me ya haɗa gidan 'yan boko da kwalekwale. Mahaifina shi ma akawu ne, amma kakanninmu masunta ne daga Yawuri. Da ya yi ritaya bai zauna ƙofar gida kan tabarma kamar sa'o'insa ba. Ya sa aka sassaƙa masa ɗan kwalekwale, ya sayi birgi, wato ragar nan da ake jefawa, ya koma ruwa. Yana idar da sallar asuba sai kogi, hantsi ya dawo da 'yan tarwaɗa da karfasa. Ba wani kifin a zo a gani ba ne, amma ya ishi miya, har a sayar da saura.

A mashayar da suke ajiye jirage akwai wata al'ada. In ka dawo daga kamun kifi, dole ka wanke jirginka kafin rana ta gasa yauƙi da ƙarnin kifi a jikin itacen, in ba haka ba wari zai kama shi, ƙuda su yi maka zaman dirshan. Aikin kuma na mutum biyu ne: ɗaya ya tsaya cikin ruwa yana watsowa da ƙwarya, ɗaya yana gogewa da yashi da tsintsiya. Duk wanda ya taya ka wanki yana da rabonsa a kifin, shi ake fara cirewa kafin masu saye su taɓa. Rabon wanki suke ce masa. Ba kyauta ba ce, ba a yin godiya a kansa.

Mai taya mahaifina wani amininsa ne, tsohon masunci, muna kiransa Baffa. Ambaliya ta tafi da jirginsa wata damina, kafin ya farfaɗo kuma ciwon yanar ido ya kama shi, sai dishi-dishi yake gani. Yana da mata da jikoki marayu a gida. Ga shi da zuciya, ba a magana. Mahaifiyata ta taɓa aika masa da kwanon kifi ranar da bai fito ba, wallahi aka dawo da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba, da saƙon cewa shi bai wanke komai ba yau. To, wannan rabon wankin shi ne miyar gidansa. Mahaifina ke tsayawa cikin ruwa yana watsowa, don Baffa ba ya ganin duwatsun, shi kuma yana gogewa da lalube.

Sai baya ya kama mahaifina. Likita ya ce tuƙin jirgi a zaune ba laifi, amma sunkuyo cikin ruwan sanyi ana ɗaga ƙwarya, a daina. Mahaifiyata ta samu abin da take nema. Ta ce, "Malam, abu biyu ne. Ko a sayar da jirgin nan, ko a samo inji ka riƙa wanke abinka kai kaɗai ka dawo gida. Ni na gaji da dafa ruwan gashi." Sannan ta juyo wajena, ba ta kama sunana ba, don ni ne ɗan fari: "Kai kuma, kuɗin da aka ba ku, ado za ka yi da su?"

Nan take na ce inji za a saya, mai fetur, irin na masu lambu. Kafin la'asar na gaya wa duk wanda na haɗu da shi a unguwa, don a lokacin bakina bai iya riƙe alheri ba. Ban tsaya na lissafa cewa ko an sayar da jirgi ko an kawo inji, duk ɗaya ne a wurin Baffa ba.

Shi ya lissafa. Washegari na bi ta mashaya, na iske shi zaune kan dutse, ya ce, "Ɗana, na ji za ka kawo wa mutumina inji." Na ce ƙwarai kuwa, Baffa, a minti kaɗan an gama. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. Ni ma na huta." Daga ranar bai sake fitowa ba. Mahaifina ya riƙa ɗauraye jirgin sama-sama shi kaɗai, ya dawo gida yana dafa ƙugu.

Ranar Asabar muka shiga Babbar Kasuwa, layin masu kayan ƙarfe. Ni na sha farin yadi da agogo, aljihuna a cike, ina gaba mahaifina yana biye. Muka tsaya shagon wani Bakano mai zaƙin baki. Ya nuna mana sabon inji ja, yana ƙyalli, ya faɗi kuɗinsa. Na ga zai lashe ƙarin albashin kaf, amma na daure na ce ba komai.

Mahaifina ya zagaya shi ya ce, "Tayar mu ji." Aka ja igiya, abu ya ɗauki ruri, hayaƙi ya cika shagon. Ya toshe kunne ya ce, "Kashe, kashe! Wannan in na kai shi bakin kogi, kifin Kaduna duk sai ya gudu Zungeru."

Aka fito da wani tsohon inji da aka yi wa kwaskwarima, mai sauƙin kuɗi. Mahaifina ya shafa ƙasansa, yatsansa ya fito da baƙin mai. Ya ce shi ba zai zuba wannan cikin ruwan da mutane ke sha ba, kuma bai yi ritaya don ya koma zaryar wajen makanike ba. Na fara hasala. Na ce, "Baba, ni fa zan biya." Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake jin tausayin kuɗin."

Can a lungu ya hango wani famfon hannu, an ɗaure shi kan katako, da mariƙi dogo da ake turawa gaba a jawo baya. Tiyo biyu gare shi, ɗaya a jefa cikin kogi ya zuƙo, ɗaya ya fesa. Kuɗinsa ko kusa da na tsohon injin bai kai ba. Mahaifina ya zauna kan benci, ya gwada mariƙin, ya ga a zaune ma ana bugawa. Ya ce a rufe ido ma za a iya ke nan? Mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, ko kana barci."

Sai mai shagon ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai noti, ya ce ga daɗin abin. Da wannan za ka maƙale bakin tiyo a gefen jirgi, kana buga famfo da hannu ɗaya, kana gogewa da ɗaya. "Ba ka buƙatar kowa, Alhaji. Kai kaɗai ka isa."

Mahaifina ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya miƙa masa. "Cire wannan, ka rage mana kuɗinsa."

"Haba ranka ya daɗe, wannan ai kyauta ne, tare suke zuwa."

"To riƙe kyautarka, ka rage mana ko kwabo ne."

Kai, ranar na ji kunya! Ga ni da agogo, ga ubana yana ciniki a kan ƙarfen da bai kai kuɗin goro ba. Har na koma gefe na raɗa wa mai shagon cewa ya yi haƙuri, halin tsofaffi ne. Ya rage 'yan kwabbai yana dariya, muka ɗora famfo a tasi. Har muka iso Malali ina fushin an hana ni yin bajinta.

Washegari da hantsi na kai famfon mashaya. Mahaifina ya aika a kira Baffa, wai ya zo ya ga ikon Allah. Ya zo yana dogara sanda, ya tsaya nesa kaɗan. Masunta suka taru. Aka jefa tiyo cikin ruwa, mahaifina ya ajiye ɗayan a cikin jirgi, ya kama mariƙi ya buga da ƙarfi. Ruwa na zuwa tiyon ya yi tsalle ya faɗo waje, ya jiƙa mini farin yadina sharkaf. Aka fashe da dariya. Ya mayar, ya sake bugawa, ya sake faɗowa.

Sai ya yi tsaki ya ce, "Mutumina, ka ga yaron nan ya kai mu an cuce mu. Abin ba ya yi sai da mutum biyu. In na riƙe tiyo ba mai bugawa, in na buga ba mai riƙewa."

Na buɗe baki na ce, "Baba, ai in aka samu 'yar ig..." Ya katse ni ba tare da ya dube ni ba: "Je ka ɗauko mini tsintsiya." A hanyar ɗauko tsintsiyar ne kaina ya yi aiki.

Kafin in dawo Baffa ya zauna kan katakon, ya laluba mariƙin, yana turawa yana jawowa, yana faɗa: "Aikin Bature ke nan, ya yi abu ya bar shi rabi. Riƙe da kyau mana, kana jiƙa mutane!" Mahaifina na tsaye a miƙe, tiyo a hannu ɗaya, doguwar tsintsiya a ɗaya. Da aka gama aka cire rabon wanki kafin masu saye su taɓa. Baffa ya sa kifinsa a buhu, bai ce an gode ba, ya tafi.

Haka suka yi ta yi shekaru, har mahaifina ya rasu. Bayan an watse daga zaman makoki Baffa ya sa jikarsa ta kawo shi, a lokacin idon ya tafi gaba ɗaya. Muka zauna a zaure, ya yi addu'a. Sai ya ce, "Ɗana, ranar nan igiya za ka ce, ko?"

Na ce, "Ashe ka ji, Baffa?"

Ya ce, "Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba. Mu fa masunta ne. Igiya ce ba mu da ita a mashaya? Duk wanda ke wurin nan ya san a ɗaure tiyo a huta, ba wanda ya taɓa faɗa. Shi ya yi don kada in ji kunya. Ni kuma na yi shiru don kada ya san na gane, ya ji tasa kunyar." Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ai ya iya ƙarya, Allah ya jiƙansa."

Ban yi kuka a maƙabarta ba, amma a zauren nan na yi.

Yanzu na haura shekarun da mahaifina yake da su a lokacin, kuma har yau ban iya bayarwa kamar yadda ya iya ba. Ni in na yi alheri sai an ji ƙararsa, kamar jan injin nan. Abin da na koya kaɗan ne: in zan sauƙaƙa wa wani aiki, nakan tsaya in tambaya wa ke cin abinci a cikin wahalar. Kuma duk lokacin da na bi ta layin masu kayan ƙarfe sai na tuna haƙurin da na ba mai shagon nan a madadin ubana. Da zan gan shi, da na ce ya dawo mini da haƙurina.