Ɓawon Albasa a Hancin Mota

Jiya iyakwandishan ɗin tsohuwar motata ya ƙi ba da iska. Fanka na ta gurnani, ni kuwa gumi har cikin ido. Har zan nufi mai gas, sai marigayi Kawu, wanda ya bar mini motar, ya faɗo mini a rai.

Wata bazara muka ɗauko Inna daga Shagari a wannan motar za mu kai ta asibitin Bodinga. Rana ta take, iskar iyakwandishan ta ɗauke, Inna na haki a baya. Na ce gas ya ƙare. Kawu ya kara bayan hannunsa a mafitar iska kamar mai duba zazzaɓi.

"Sanyi na nan, ɗana. Hancin mota na yat toshe!"

Ya zaro matatar iska, cunkus da ɓawon albasar da yake dako, ya kakkaɓe ta a gwiwa. Sanyi ya bugo mu da warin albasa. Inna ta yi atishawa ta yi hamdala, Kawu na dariya har da dukan sitiyari.

Jiya na kara hannuna, na zaro matatar. Ɓawon albasa! Ni kaɗai a bakin titi na ƙwala, "Kawu!"

Allah ya sanyaya makwancinka.