Albarkacin Mushe Lawali

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Mushe Lawali (a wajenmu Mushe ake kiran malamin boko), abokina tun muna 'yan lakkol, wato 'yan makarantar boko, a Magariya, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Allah ya jiƙansa, amma gaskiyar ke nan.

Tare muka koyar da ilimin noma a jami'a. Ni in cika allo da rubutu, ɗalibai su kwafa, su ci jarrabawa, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya kwashi nasa ya kai ƙauyen Kwaya, ya ce kowane rukuni ya nemo abin da ke damun mutanen gari ya gyara. Abin da ya fi ba ni haushi, ba shi ke yanke hukunci kan aikin ba. A gindin bishiya ake taruwa, mata masu man gyaɗa su gwada abin da yara suka ƙera. In suka ce bai yi ba, ɗalibi ya faɗi ke nan. Na sha yi masa tsiya cewa ya miƙa jami'a hannun 'yan ƙuli-ƙuli. Dariya kawai yake yi.

Yanzu kowa na zancen koyo ta hanyar aiki kamar jiya aka gano shi. Da zai leƙo ya ga ɗalibi ya gama bincike kan rumbun gero a cikin waya, bai taɓa taka ƙauye ba, na san irin tsakin da zai ja. Bana dai aka ce a koma Kwaya, ni zan jagoranta. Na ji daɗi, na ce kafin in ajiye aiki ni ma a san sunana a wani wuri.

Muka isa ƙofar gidan Inna Hajo, shugabar masu man gyaɗa. Injin suyar da ɗalibansa suka ƙera na nan a rumfa, ya sha faci, yana juyawa. Na faɗi sunana da muƙamina. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ban gane ka ba, Malam."

Wata ɗalibata ta ce, "Inna, abokin Mushe Lawali ne."

"Ayyo! Ku ɗauko tabarma! Ai sai ka ce mini haka, ɗana."

Takardun darasina na can cikin kwali, gara ta fara ci. Shi ya bar injin da ke juyawa, da mutanen da ke shimfiɗa tabarma da jin sunansa. Na zauna, na sha furar da aka dama mini, raina na suya. Shekara bakwai yana kwance a kabari, har yanzu albarkacinsa nake ci.