Rabin Labarin da Baba Ya Fara a Gaban Motar Sulke

A wannan watan Baba ya cika shekara bakwai a ƙasa. Sunansa Iliyasu, amma duk unguwarmu a Kaduna Saje Ilu ake ce masa. Kowace shekara ƙannena sukan tara hotunansa su tura wa dangi tare da addu'a, ni ma in ce amin, in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa. Akwai abin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa wa ƙannena ba, kuma gara su karanta shi a nan da in tsaya gabansu in faɗa da bakina.

Baba direban motar sulke ne a lokacin yaƙin basasa. Iyakar abin da muka sani ke nan. Tun da ya ajiye kaki bai ƙara riƙe sitiyari ba. Gyaran keken ɗinki ya koma yi a wata ƴar rumfa kusa da kasuwa, kuma a kan keke yake zuwa ya dawo. Ina yaro abin yana ba ni haushi. Yaya mutumin da ya tuƙa motar yaƙi zai riƙa ɗaure ƙafar wando yana taka feda? Idan tsofaffin sojoji suka taru a ƙofar gidanmu suna tuna bakin daga, shi yakan tashi ya ce zai duba awaki. Mu kuma ba mu tambaya. Ni ne ɗan fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Ko sunana ba ya faɗa. "Wannan yaron" yake ce mini, har na yi furfura a gemu.

Wataƙila shirun nan nasa ne ya sa na tashi da ƙishirwar kayan yaƙi. Da na zo London na samu aiki a council, wato ƙaramar hukuma, sashen gidaje, na zauna a unguwar Barking da iyalina, sai na gano ƙasar nan cike take da gidajen tarihi inda ake ajiye tsofaffin tankoki da jiragen yaƙi. Ana kwaso su daga inda suka ruɓe, a kwance su ƙusa-ƙusa, a gyara, a shafe su da fenti har su fi ranar da aka ƙera su ƙyalli. Na zama ɗan gida a wuraren nan. Nakan san kaurin ƙarfen kowace tanka da nisan da harsashinta yake kaiwa. Ina da abokin yawo, wani Bature da muke aiki tare mai suna Colin, mutumin kirki, wanda kakansa ya yi aikin jirgin sama. Kullum yana ba ni labarin kakan nan, ni kuma da ba ni da labarin da zan bayar, sai na riƙa ƙawata na Baba. Na ce jarumi ne. Na ce shi ya fara tsallaka wani kogi. Ban san komai a kai ba, bakina ne kawai ya saba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa muka kawo shi nan aka yi masa aikin yanar ido. Da aka cire bandeji idon ya washe, har yana tsayawa a taga yana ƙirga jiragen ƙasa da ke wucewa ta bayan gidanmu, sai na ce ga dama ta samu. Akwai wani babban gidan tarihi a bayan gari, tafiyar awa ɗaya da ɗan abu a mota, kuma na san suna da irin motar da ya tuƙa, mai taya shida. Na yi booking ɗin tikitin shiga, na kira Colin. Matata Hajara ta ce, "Ka tambaye shi kuwa ko yana son zuwa?" Na ce mata ai ba a tambayar kifi ko yana son ruwa. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "To, in kana so."

Ɗakin jirage muka fara shiga. Ya bi mu a hankali da babbar rigarsa da jaket ɗina a kai, yana ɗaga kai yana kallon waɗanda aka rataya a sama. Colin yana bayani, ni ina fassarawa, ko da yake Baba yana jin Turancin bariki sarai. Abu ɗaya kawai ya faɗa a ɗakin nan. Ya ce, "Mu ƙararsu muka sani, ba mu taɓa ganin cikinsu ba."

Sai muka shiga ɗakin motocin ƙasa. Irin motar tasa tana can a kusurwa, an kewaye ta da igiya, koriya shar, tayoyinta baƙaƙe wuluk kamar ba su taɓa taka laka ba. Baba ya tsaya cak. Na zaro waya na fara ɗaukar bidiyo, ina ce masa ya matsa kusa, ya ɗan ƙame irin ta soja. Bai ji ni ba. Ya miƙa hannu ta saman igiyar ya dafa ƙarfen da ke gaban mazaunin direba, ya sunkuya ya shinshina. Ya ce, "Sun wanke ta da yawa. Ba ta wari. Tamu warin mai take yi, da gumi, da wani abu."

Daga nan ya juyo ya ce, "Nasiru."

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji sunana a bakinsa. Da ina da hankali, da nan take na mayar da wayar aljihu.

Ya ce, "Mu uku ne a ciki. Ni, da Kofur Ɗanjuma a sama, da Sunday a kan bindiga. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa. Muka iso wata ƴar gada, faɗinta mota ɗaya. An gaya mana kada mu tsaya a kanta ko me muka gani, don a nan ake yi wa motoci kwanton ɓauna. Muna hawa sai ga wata mata ta fito daga gonar rogo, da goyo a bayanta, ta tsaya a tsakiyar gadar ta ɗaga hannu biyu. Kofur ya buga mini ƙafa a kafaɗa ya ce in taka totur. Ni kuma ƙafata..."

Muryarsa ta tashi, ta cika ɗakin. Hawaye na zuba daga idon nan da aka gyara, yana sauka cikin gemunsa, kuma bai damu ya share ba. Wasu ƴan makaranta da malamarsu suka juyo. Wani ma'aikacin wurin ya nufo mu, saboda hannun Baba na kan motar. Colin ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ba gadar nake gani ba, ba matar ba. Abin da nake gani shi ne jarumin da na shekara ina tallatawa ya zama tsoho mai kuka a gaban Turawa. Na kama hannunsa na sauke daga kan ƙarfen. Na ce, "Baba, a bari sai mun koma gida. Mutane na kallonmu." Sannan na juya na gaya wa ma'aikacin da Turanci cewa ya yi haƙuri, tsufa ne, kwanan nan aka yi masa aiki, kansa bai gama dawowa daidai ba.

Baba ya ji. Ya dube ni, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To." Muka je muka sha shayi, har ya yaba wa Colin kek ɗin da ya saya masa.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ashe wadda aka mayar ciki da ƙarfi ita ma ba ta sake fitowa. Washegari bayan mun karya na zauna kusa da shi na ce ya ƙarasa mini labarin gadar. Ya ce, "Wace gada? Tsufa ne, wannan yaron." Kalmata ya maido mini, ba da faɗa ba, da murmushi ma. Na sake gwadawa a filin jirgi ranar da zai koma. Na sake gwadawa da na je Kaduna hutu. Kowane karo sai ya tambaye ni lafiyar yara. Da ciwon ajali ya kama shi na iso yana da sauran magana, ya sa mini albarka, ya ce in riƙe ƙannena. Gada ba ta fito ba.

Bidiyon yana nan a wayata. Minti ɗaya ne da ƴan daƙiƙu. A ƙarshensa hoton yana karkata ƙasa, ana ganin takalmansa, ana jin muryata ina cewa mutane na kallo. Na canza waya sau uku tun lokacin, kowane karo ina kwashe shi zuwa sabuwar, kuma sau biyu kacal na iya kallonsa har ƙarshe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu yaƙi a tafin hannu ake kallonsa. Mutum na cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsakanin tasha da tasha, zai ga jirgi mara matuƙi ya saki wuta a kan motar da ke ɗauke da ƴaƴan wasu, ya ture hoton da ɗan yatsa ya wuce zuwa wasan ƙwallo. A gida kuma ƙananan sojoji sa'annin jikokinsa suna shiga daji su dawo, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da ƙafa biyu amma ba sa iya barci, kuma ba wanda ya zaunar da su ya ce me kuka gani. Ina jin Baba ba zai yi dogon sharhi ba. Zai ce dai mai harbi daga nesa ya huta da ganin fuska. Ban tabbata ko zai ɗauki wannan a matsayin sauƙi ko asara ba.

Ban daina ganin darajar masu gyaran motocin nan ba. Yawancinsu tsofaffi ne masu aikin sa kai, suna ɓata shekaru a kan inji ɗaya don kada a manta. Laifin ba nasu ba ne. Ni ne na ɗauka wanda ya haddace kaurin ƙarfe ya san yaƙi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga wanda ya zauna a cikin ƙarfen yana tsaye a gabana, ya buɗe baki bayan shekara kusan hamsin, na rufe masa shi don kada in ji kunyar baƙin da ba su san sunana ba, ba kuma za su sake ganina ba. Colin bai taɓa tayar da zancen ba sai bara, da ya yi ritaya. Ya ce shi a ranar ba don kunya ya sunkuyar da kai ba, jira yake in fassara masa.

Da na je gida a damina na zauna da Inna, mahaifiyarmu, na kwashe komai na gaya mata. Na ce ko ta san yadda aka ƙare a gadar. Ta ce, "Shekara arba'in da shida ina ɗaki ɗaya da shi, ko farkon labarin bai taɓa ba ni ba. Kai ya zaɓa." Ba ta faɗa don ta soke ni ba, amma da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Sannan ta gaya mini abin da ita ta sani. Kowace shekara idan ruwa ya zauna, Baba yakan yi azumin kwana uku wanda ba na kowa ba. Ranar da ya sha ruwan na ukun yakan sayi turmin atamfa, ya kai wa wata mace daga cikin ƴan kudu masu sayar da garin rogo da manja a kasuwa. Ba mace ɗaya ba, duk wadda ya tarar da goyo. Ya ajiye ya tafi, ba ya jiran godiya. Inna ta ce a farkon aurensu ta yi fushi, daga baya ta gane ba abin fushi ba ne, ta riƙa taya shi zaɓen zane.

Na juya wannan a raina har na gaji. Zai iya zama kaffarar wanda ya taka. Zai iya zama godiyar wanda ya ja birki Allah ya tsare. Zai iya zama ya tsaya, matar ta tsira, Sunday ko Kofur Ɗanjuma ya biya da ransa. Na nemi mutanen biyu ta hannun tsofaffin bariki, ba wanda ya san inda suka ƙare. Ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da komai zai fito fili. Abin da na sani shi ne mutumin da ya ɗauki mace ɗaya a zuciyarsa tsawon wannan zamani, bai sauke ta ba ko shekara guda, ya fi jarumin da na ƙirƙira nesa ba kusa ba.

Da na dawo na yi azumin kwana uku. Na shiga wani shago a kasuwar Barking na sayi atamfa, na tsaya a bakin titi kamar wawa da leda a hannu, har na ga wata mata tana tura keken jariri tana waya da harshen Ibo. Na gaishe ta, na miƙa mata. Ta ja da baya, ta tambaye ni na mene ne. Na ce mahaifina ne ya saba bayarwa, ya rasu, ni ma ban san dalili ba. Ta dubi zanen, ta dube ni. Ta tambayi sunansa, na faɗa. Ta maimaita shi sau biyu don ta riƙe, ta ce za ta sa shi a addu'a, ta ɗora ledar a ƙarƙashin keken ta wuce.

Allah Ya jiƙan Saje Ilu, Ya yafe masa abin da ya sani mu ba mu sani ba. Matar gada kuma, da abin da ta goya, Allah Ya san inda suke. Ni dai ku roƙa mini gafarar Baba.